HANNUN HAGUN MAMA

Shafi na 17

Ku da kuka cika min waya da saƙo wai na bar Sista a cikin tasi na tafi harkar gabana, ku yi haƙuri, ga ta nan za ta sauka. Ke kuma mai cewa Injiniya munafuki ne, karanta tukuna kafin ki yanke masa hukunci.

*

"Tsaya a nan," Sista ta ce wa mai tasi. "Kada ka matsa kusa."

Ga motar mijinta can a fake gindin katangar wata tsohuwar masaƙa da aka daɗe da rufewa.

Wata uku ke nan duk Asabar Injiniya yake ɗaukar mahaifiyarta da safe, wai zai kai ta gashin hannu asibiti, tunda ita ranar aikin safe take yi a ɗakin masu haihuwa. Sai jiya ta yi kiciɓis da mai gashin a bakin ɗakin magani, ta tsaya tana zuba mata godiya. Matar ta dube ta sama da ƙasa.

"Wace Asabar? Mu ai ba ma buɗewa ranar Asabar."

Mama, wadda ta yi wata takwas da shanyewar ɓarin jiki, hannun hagunta ko kofi ba ya riƙewa. Da mijinta, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mutumin da ko yara ba ya iya yi wa ƙarya. Su ne suka haɗa baki a kanta.

Sista ta sallami mai tasi, ta tura ƙofar ƙarfen masaƙar.

Ƙara ta fara ji, kamar ta keken ɗinki goma ana taka su lokaci ɗaya. Ta zagaya bayan ginin, sai ta ja ta tsaya.

Fili ne na siminti, inda manyan motoci suke lodi a da, ciyawa ta fito ta tsagogin. An ja dogon layi da farin fenti, gaba da shi an zana da'ira uku. Mutane kamar goma, maza da mata biyu, kowa ya ɗaga kai sama. A saman, wani ɗan jirgi mai saukar ungulu, tsawonsa bai wuce hannun mutum ba, yana shawagi abinsa.

Can gefe, a kan kujerar roba, ga Mama.

Ta ɗaure mayafi a ƙugu. Igiya a wuyanta, an rataya mata wani baƙin rimot mai sanduna biyu. Injiniya yana tsugune a gabanta yana ɗaura batir a cikin wani jan jirgi.

Sista ba ta san lokacin da ta isa kansu ba.

"Wannan ne asibitin?"

Injiniya ya miƙe zumbur, har ya kusa taka wutsiyar jirgin.

"Sista... ke... ai..."

Mama ko gezau. Ta ɗago ta dube ta ta saman gilashi.

"Ke da kike aikin safe?"

"Na musanya."

"To sannu da zuwa. Matsa baya kaɗan, kin taka layi."

"Layi? Mama, layi kike ta nasa?" Ta juya kan mijinta. "Kai kuma Abban yara, mara lafiya ka ɗauko ka kawo cikin rana, gaban abu mai wuƙaƙe a ka? In ya sare ta fa? In jininta ya hau fa? Me za ka ce min?"

"Maganinta yana jaka," ya ce kansa a ƙasa. "Kullum sai na auna jininta kafin mu fito. Gashin Talata da Alhamis kuwa ba ta taɓa fashi ba, wallahi."

"Ban tambaye ka ba!"

"Yanzu kika tambaye shi," in ji Mama. "Kada ka wahalar da bakinka, Malam. Ni na sa shi."

"Malam?"

"A nan malamina ne. In mun koma gida ya koma suruki."

Wata mata da ke kusa tana goge nata jirgin ta kau da kai tana danne dariya.

Mama ta nuna wa Sista akwatin kayan aiki. "Zauna."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya, ƙafarki ce. Kin tuna satin da na yi a gidanki bayan an sallame ni? Kina wurin aiki, na gaji da kallon silin, na jawo ƙafa na fito falo. Na tarar da wannan bawan Allah gaban kwamfuta da rimot ɗin nan, yana tuƙa jirgi a cikin allo. Ya gan ni ya miƙe zai kashe. Na ce ba ni in gani."

"Sai ya ba ki."

"Sai ya ba ni. Na ɗaga jirgin, na buga shi da ƙasa. Na sake, na buga. Sau nawa ranar, Malam?"

"Na daina ƙirgawa a arba'in, Mama."

"Amma a kwamfuta ko sau dubu ka faɗi, maɓalli ɗaya za ka danna ya miƙe garau. Ni da aka ce kada in taɓa komai don kada in fasa, sai ga abin da aka ce in fasa son raina. Ya kai min kwamfutar gida. Sati shida ina fama. Daga nan ya kawo min ɗan ƙarami kamar tafin hannu, na riƙa koyo a falona."

Sista ta ƙanƙance ido.

"Gilashin fitilar falo. Wanda kika ce iska ce ta kayar."

"Ni ce iskar."

Injiniya ya yi tari ya juya baya.

Sista ba ta yi dariya ba. Hawaye ne ya cika mata ido.

"Me ya sa ba ki gaya min ba? Ni ce 'yarki. Ni na kwana arba'in a gefen gadonki."

Fuskar Mama ta canza. Ta cire gilashin ta ajiye a cinya.

"Ke ce. Kuma har in koma ga Allah ba zan manta ba. Amma zan tambaye ki. Ranar da kika shigo kika gan ni da allura ina son in sa zare, me kika yi?"

Sista ta sunkuyar da kai.

"Ina jin ki."

"Na karɓe."

"Ranar da na shiga kicin zan dafa ruwan zafi?"

"Mama, tsoro nake ji..."

"Na sani. Keken ɗinkina kin lulluɓe shi da zani kin tura bayan ƙofa. Shekara talatin da biyar ina taka keken nan, da shi na yi muku komai. Yanzu kuma kin ce ƙarshen wata za ki kwashe ni in koma gidanki. Kin zaɓa min ɗaki, kin zaɓa min labule. Abu ɗaya kika manta, ba ki tambaye ni ba."

Sista ta zauna a kan akwatin ba tare da ta sani ba.

"Kowa yana tare ni kada in faɗi," Mama ta ci gaba a hankali. "Wannan yaron shi kaɗai ya bar ni na faɗi. Farfela goma sha ɗaya na karya masa, bai taɓa cewa kawo in yi miki ba."

"Sha uku, Mama."

"Biyun ba laifina ba ne."

Ta mai da gilashin. Ta nuna wasu siraran sanduna biyu a ƙasa, an gicciya su, kowane baki da ƙwallo ruwan lemo.

"Kin ga waɗancan? Takalmin 'yan koyo ne, ana ɗaura su a ƙafar jirgi don kada ya tuntsire wurin sauka. Yau aka cire min. Tunda Allah ya kawo ki, ke ce alƙali. Zan ɗaga shi, in tsayar da shi, in juyo da hancinsa ya kalle ni, in sauke shi cikin da'irar tsakiya. In ya shiga, ina ɗakina, ki buɗe min kekena. In bai shiga ba, turo mota gobe ta kwashe ni, ba zan ce uffan ba."

"Mama, wannan ba abin caca ba ne."

"Ba caca ba ce. Jarrabawa ce."

Sista ta dubi mijinta, idonta yana cewa ka yi magana mana. Shi kuwa sai ya ɗauko wani rimot irin na Mama, ya nuna mata wayar da ta haɗa su biyun.

"Dubi nan. Muddin yatsana yana danne da wannan makunnin, jirgi yana hannunta. Ina ɗagawa ya dawo hannuna. Ba abin da zai same ta, kuma ba wanda zai tsallake layin nan."

"Wane hannu ne yake yin me?"

"Dama, gaba da baya da gefe. Hagu, sama da ƙasa da juya wutsiya."

"Hagu," Sista ta maimaita.

Mama ta dafa kujera ta miƙe. Sista ta zabura za ta riƙe ta, sai ta tuna, ta mai da hannunta ta matse a hammata.

"Rimot a kunne?" in ji Injiniya.

"A kunne."

"Sandar hagu?"

"Tana ƙasa."

Sai a lokacin ya je ya jona batir, ya ajiye jirgin a tsakiyar fili, wutsiya tana kallonsu, ya dawo bayan layi da sauri. Ya ɗaga murya, "Za mu tashi!"

Mai jirgin da ke sama ya sauke nasa. Fili ya yi tsit.

"Bismillah," Mama ta ce.

Farfela ta fara juyawa, a hankali, sannan da ƙarfi, har ta ɓace ta zama kamar faifai. Ciyawar tsagogin siminti ta kwanta. Jirgin ya yi rawa a kan ƙafafunsa, ya ɗan zame hagu, sai ya rabu da ƙasa.

Ya kai gwiwa. Ya kai ƙugu. Ya kai tsayin mutum.

Ya tsaya cak.

Sista ba jirgin take kallo ba. Hannun take kallo. Hannun da ta yi wata takwas tana shafa wa mai, tana miƙar da yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ga babban yatsa da manuni sun kama kan sandar kamar yadda suke kama bakin yadi a ƙarƙashin allura. Motsin da suke yi ko kaurin ƙwayar shinkafa bai kai ba. Sama kaɗan. Ƙasa kaɗan. Duk motsi, jirgin ya amsa.

A wurin aikinta ta ga masu irin wannan ciwo da yawa. Ta san abin da ake sha kafin yatsa ɗaya ya yarda ya ji magana.

"Abban yara," ta ce da raɗa, "kai ne kake taya ta, ko?"

Bai ɗauke ido daga sama ba.

"Sati huɗu ke nan ban ɗaga yatsan nan ba. Ita tana zaton ina ɗan gyara mata. Ban gaya mata ba, kada ta tsorata."

Sista ta toshe baki da hannu.

"Zan juya," in ji Mama.

"A hankali, Mama. Ki tuna in ya kalle ki, hagunsa damanki ne."

"Na sani. Kamar ɗinkin riga ta baibai."

Wutsiyar ta fara zagayawa. Jirgin ya ba su gefe, ya ci gaba, har jan hancinsa ya fuskance su sosai. Wani daga cikin mutanen ya ce, "Kai! Ni shekara guda na yi kafin in iya wannan."

Sai iska ta taso daga bayan ginin.

Ta bugi jirgin ta gefe. Ya karkata, ya fara sulalewa wajen katanga, yana ƙara gudu.

"Karɓa!" Sista ta damƙi hannun rigar mijinta. "Karɓa mana!"

"Malam," Mama ta ce ba tare da ta waiwaya ba, muryarta a daidai, "ka taɓa min jirgi, ba ni ba kai."

Zufa ta keto wa Injiniya. Yatsansa yana kan makunnin, amma bai ɗaga ba.

Mama ta tura sandar dama, sai jirgin ya ƙara yin wajen katangar. Ta yi kuskuren hannu. Sista ta runtse ido ɗaya. Kafin ta buɗe, Mama ta mai da sandar ɗaya gefen, hannun hagu ya ƙara masa sama kaɗan. Jirgin ya yi turus, saura taku kamar uku ya sumbaci bulo. Ya tsaya yana lilo kamar mai tunani, sannan ya juyo ya fara dawowa.

Ba wanda ya yi tafi.

Rimot ya yi ƙara, ƙit ƙit ƙit.

"Saura minti ɗaya a batir, Mama."

"Na ji."

Ta kawo shi saman da'irar tsakiya. Ta mai da wutsiya wajenta. Ta fara sauke shi. Kusa da ƙasa iskar farfelarsa ta riƙa tura shi gefe, tana dawo da shi, yana zamewa, tana dawo da shi. Hannun hagun ya fara gajiya, Sista tana ganin yadda ƙaramin yatsa yake karkarwa.

Ƙafafun suka taɓa siminti. Ya ɗan yi tsalle ɗaya, ya zauna.

Filin ya kaure da ihu da tafi. Matar nan mai goge jirgi ta yar da tsummanta tana cewa, "Hajiya, kin gama da mu!"

Sista ta yunƙura za ta ruga, Injiniya ya tare ta.

"Jira farfela ta tsaya."

Ta jira. Da ta tsaya cak, Mama ta ce, "Alƙali, je ki duba."

Sista ta taka har da'irar, ta sunkuya.

Ƙafar dama tana ciki. Ta hagu ta haye farin fentin, ta fita waje da kamar faɗin yatsa biyu.

Ta daɗe a sunkuye. Ta waiwayo ta hango mahaifiyarta tsaye da ƙafafunta, ba sanda, ba mai riƙe ta, rana tana dukan gilashinta, haɓa a sama.

Ta miƙe ta share ido da bayan hannu.

"Yana ciki!"

"Ƙarya kike," in ji Mama. "Daga nan ina hangowa."

"Ni ce alƙali, na ce yana ciki. Wata uku kuna shirga min, yau na rama guda ɗaya."

Dariya ta ƙwace wa Mama, irin wadda Sista ta manta rabon da ta ji, har da dafa ciki. Sista ta dawo da gudu ta durƙusa a gabanta, ta kama hannun hagun da hannu biyu ta kifa fuskarta a kai.

"Ki yafe min, Mama. Yau da kaina zan cire zanin nan daga kan keke. Har mai zan sa masa."

"Tashi, 'yar nan, mutane suna kallo. Ba ki yi min komai ba sai so. Yawa ne kawai ya yi." Ta shafa kanta. "Sai dai mai ki bar shi, ba ki iya ba, za ki ɓata min yadi."

Injiniya ya matso yana sosa ƙeya.

"Ni fa? An yafe min?"

"Kai naka zaman daban ne," in ji Sista tana hararar sa, amma bakinta ya ƙi ɓoye murmushi. "Sai mun je gida."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya kai bakin ƙofa. Fuskarsa ta washe.

"Lah, ga Kyaftin! Mama, shugaban ƙungiyarmu ne, shi ya koya wa duk mutanen nan. Wata huɗu yana wajen 'yarsa, jiya ya dawo. Na daɗe ina son ya gan ki."

Wani dogon dattijo ne yake tahowa, gemunsa fari fat, yana ɗan ɗingishi, da doguwar jakar jirgi a kafaɗa. Tun daga nesa yake magana.

"Ina tsaye a ƙofa na ga komai! Wa ya ƙwato jirgin nan daga bakin katanga? Injiniya, kada ka ce min kai ne, na san hannunka."

"Ba ni ba ne, Kyaftin. Ga ta nan, surukata ce."

Dattijon ya iso yana murmushi, ya buɗe baki zai gaishe ta.

Murmushin ya tsaya a fuskarsa.

Jakar ta zame daga kafaɗarsa ta faɗi ƙasa, ko kallonta bai yi ba. Ya matso taku ɗaya, ya ƙura wa Mama ido.

"Kurciya?"

Sista ta waiwaya ta ga wa yake kira. Ba kowa a bayansu.

Sai ta ji hannun Mama ya yi sanyi ƙalau a cikin nata.

"'Yar nan," Mama ta ce can ƙasa, "ɗauko min jakata. Mu tafi gida."

"Mama, lafiya? Kin san shi ne?"

"Shekara arba'in da biyu," in ji dattijon. "Kurciya, ke ce?"

Mama ta kau da kai daga gare shi. 'Yarta ta kalla.

"Na san shi," ta ce. "Shi ne mutumin da na gaya wa babanki ya mutu."